Karatun Gida Bisa Tushen Addini: Abin da Ƙa'idojin Charlotte Mason Suke Nema Daga Iyaye

Idan uwa ta cire ɗanta daga makaranta ta ce daga yau ita za ta koyar da shi a gida bisa tafarkin addininta, me ya canza a karatun yaron ban da wurin da yake zama? Tambayar ta daɗe, amma ta ƙara fitowa fili tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, iyaye suka wayi gari sun zama malaman dole. A Amurka, hukumar ƙidayar jama'a ta gano cewa gidajen da ke koyar da yaransu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a ƙarshen Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoban shekarar. Da aka sake buɗe makarantu, da yawa sun mayar da yaransu, wasu kuwa suka ce sun ɗanɗana, ba za su saki ba.

Fahimta biyu ce ta fi yawo a bakin mutane game da irin wannan karatu. Wasu na ganin gudun duniya ne kawai, a kulle yara a gida don kada su ji abin da iyaye ba sa so su ji. Wasu kuma na ɗaukarsa makarantar boko ce aka dawo da ita falo, aka ƙara mata addu'ar safe da haddar ayoyi. Duka biyun suna nan, ba a musu. Sai dai akwai kaso na uku, masu bin wata rubutacciyar falsafa mai ƙa'idoji 20 wadda wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, ta bari, kuma wanda ya karanta ƙa'idojin da natsuwa zai tarar da abin da bai zata ba: addinin da ke cikinsu ya fi ɗaure hannun mai koyarwa fiye da yadda ya ɗaure yaro.

Matar da ta rubuta ƙa'idojin

An haifi Charlotte Mason a kusa da garin Bangor na yankin Wales a 1842, kuma ta rasa iyayenta biyu kafin ta cika shekara 18. Ta samu horon koyarwa a Landan, ta yi fiye da shekara goma tana koyar da yara a garin Worthing, daga baya ta koyar da masu neman zama malamai a Chichester. A 1885 ta gabatar da jerin laccoci ga iyaye mata a Bradford, aka buga su a littafi a 1886, littafin ya samu karɓuwa har ya kai ga kafa ƙungiyar iyaye a 1887. A 1892 ta buɗe kwaleji a Ambleside, a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, inda ake horar da matan da masu hali ke ɗauka su zauna a gidajensu suna koyar da yara. Daga can ake aika tsarin karatun kowane zango ta gidan waya zuwa ga iyalai, har da na ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan mishan da ke zaune nesa da ƙasarsu. Ta rasu a 1923, kuma littafinta na shida, wanda ya fito a 1925, shi ne ya bi ƙa'idojin nan 20 yana warware su.

'Yar cocin Angilikan ce mai riƙo, ba ta taɓa aure ba, ba ta haihu ba, abin da masu sukarta ba sa mantawa su faɗa. Bayan rasuwarta sunanta ya yi ta dushewa, sai a 1984 wata marubuciya Kirista, Susan Schaeffer Macaulay, ta fitar da littafin da ya sake gabatar da ita ga iyayen Amurka. Abin ya zo a kan gaɓa, domin a shekarun ne karatun gida ke neman gindin zama a can: an kafa ƙungiyar lauyoyi mai kare masu karatun gida a 1983, kuma zuwa 1993 ya halatta a duk jihohi 50 na ƙasar. Iyayen da suka ci nasara a kotu sai suka fuskanci tambayar da kotu ba ta amsawa, wato yanzu da yaran suke gida, me za a koya musu, kuma ta yaya.

Yaro mutum ne tun ranar haihuwarsa

A Hausa, idan za a sa yaro makaranta, akan ce a kai shi ya zama mutum. Ƙa'idar farko ta Mason ta juya wannan magana: yaro ya riga ya zama mutum tun ranar da aka haife shi, da cikakken hankali mai jin yunwar sani, abin da ya rasa kawai shi ne sanin duniya da gogewa. Ta faɗi haka ne tana ja da ra'ayoyin da suka yi ƙarfi a zamaninta, musamman na masanin Jamus Johann Herbart, wanda a fahimtarta ya mayar da hankalin yaro kamar buhu, malami ne ke zaɓar abin da zai zuba da yadda zai jera shi. Haka kuma ba ta yarda da tsohon ra'ayin nan ba na cewa yaro wankakken allo ne da kowa zai rubuta abin da ya ga dama.

Hujjarta ta addini ce kai tsaye. Ta dogara da koyarwar Littafi Mai Tsarki cewa an halicci ɗan Adam da daraja ta musamman a wurin Allah, ta kuma tattara maganganun Yesu a kan yara cikin Linjila zuwa hani uku: kada a sa su tuntuɓe, kada a raina su, kada a hana su. A cikin ukun, raini ne ya fi shafar aji. A ganinta, ba yaro littafin da aka tsiyaye masa ma'ana, aka bar ƴan jimloli marasa daɗi don wai shi yaro ne, raini ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Shi ya sa a tsarinta ɗan shekara tara ko goma yake jin wasannin kwaikwayon Shakespeare da tarihin manyan mutanen Girka da Rum, ba a jira sai ya girma.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta fi jawo mata rigima a cikin Kiristoci 'yan'uwanta. Ta ce ba a haifar yara nagari ko miyagu, ana haifarsu ne da yiwuwar zama ko wanne. Masu tsananin riƙo da aƙidar zunubin gado, wato cewa kowane ɗan Adam ya gaji faɗuwar Adamu, suna ganin ta kauce. Masu kare ta kuma suna cewa ba aƙidar take musu ba, tana yaƙar ra'ayin zamaninta ne na cewa hali gado ne da ba ya canzawa, ɗan ɓarawo ɓarawo ne, ɗan talaka ba ya ɗaukar karatu mai zurfi. Karatu na biyun ya fi dacewa da sauran rubutunta da kuma abin da ta aikata daga baya. Musulmin da ya karanta wannan ƙa'ida zai tuna hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa ana haifar kowane jariri a kan fiɗira, iyayensa ne ke karkatar da shi. Maganganun biyu ba ɗaya ba ne, domin fiɗira karkata ce zuwa ga gaskiya tun asali, amma sun haɗu a wajen ɗora nauyi a wuyan iyaye, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa wasu iyalan Musulmi a Birtaniya da Amurka suke aro tsarin su sauya abin da ke cikinsa.

Iko amana ne, kuma yana da iyaka

Wanda ya ji an ce yaro mutum ne zai iya zaton Mason tana cikin masu cewa a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Ba ta cikinsu. Ƙa'ida ta uku ta ce iko daga sama da biyayya daga ƙasa abu ne na ɗabi'a, wajibi ne, kuma babu gida ko makaranta da za ta tsaya ba tare da su ba. Abin da ta ƙara shi ne cewa ikon iyaye aro ne. Takan kawo labarin jaririn Musa a littafin Fitowa na cikin Littafi Mai Tsarki, inda 'yar Fir'auna ta miƙa shi ga mai shayarwa ta ce ta yi mata renonsa, ta ce haka kowace uwa take, an ba ta reno ne, ba mallaka ba. Uwar da ta ce a yi abu don ita ta ga dama, gobe kuma ta sauya don ranta ya sauya, ta fita daga iko ta shiga son kai, tunda ita ma akwai dokar da ke kanta.

Daga nan ƙa'ida ta huɗu ta fito, wadda a ganina ita ce mafi wuyar bi a cikin 20 ɗin. Ta hana a juya yaro ta hanyar tsoro, wannan kowa zai gane. Amma ta kuma hana a juya shi ta hanyar ƙauna, wato irin maganar nan ta "idan kana son Mama za ka yi", ta hana a yi amfani da kwarjinin malami har yaro ya zama ba ya iya tunani sai da shi, ta kuma hana a riƙa kaɗa wata sha'awa guda ta ɗabi'a, kamar son yabo, son kyauta ko son wuce tsara, don a sa shi karatu. Saboda haka a tsarinta babu maki a darasin yau da kullum, babu na ɗaya da na ƙarshe, babu kyautar wanda ya fi kowa. Dalilinta shi ne son sani sha'awa ce mai zaman kanta da Allah ya sa a cikin kowane yaro, idan aka maye gurbinta da son maki sai ta shanye, yaro ya girma yana karatu don jarrabawa, ranar da jarrabawa ta ƙare karatu ya ƙare.

Duk wanda ya taɓa koyar da yaro ya san cewa waɗannan abubuwan da ta hana su ne suka fi saurin aiki. Alewa tana aiki, bulala tana aiki, "dubi ƙanenka ya fi ka" tana aiki. Mason ba ta ce ba sa aiki ba, cewa ta yi ba halal ba ne a yi wa mutum haka, kuma a nan ne aka ga addinin yana tsaye a kan mai koyarwa.

Abin da ya rage a hannun mai koyarwa

Idan aka karɓe duk waɗannan, me ya saura? Ta ce abu uku: yanayin gida, horon ɗabi'a, da ciyar da hankali da ra'ayoyi masu rai.

Yanayin gida ba ya nufin a ƙawata ɗaki da ƙananan kujeru da hotuna masu launi. Tana nufin iskar da yaro ke shaƙa ba tare da an ce masa ga darasi ba: yadda uba ke magana da mai aiki, ko ana faɗin gaskiya idan mai bin bashi ya yi sallama, ko ana ganin manya da littafi a hannu. Ta ƙi a gina wa yaro wata duniyar ƙarya daidai tsayinsa, ta fi son ya zauna a cikin rayuwar gida ta gaskiya, da baƙi, da marasa lafiya, da aikin da ake bukatar hannunsa.

A kan ɗabi'a ta fi tsawaita magana, kuma ta jingina da binciken likitocin zamaninta a kan yadda maimaita abu ke barin sawu a ƙwaƙwalwa. Ta kwatanta ɗabi'a da layin dogo: shimfiɗa shi ke da wuya, idan ya shimfiɗu jirgi na tafiya ba wahala. Misalinta da ya fi shahara na rufe ƙofa ne. Uwa ta kira ɗanta ta gaya masa a natse cewa tana so daga yau ya riƙa rufe ƙofa duk lokacin da ya shiga ko ya fita, kuma za ta taimaka masa ya tuna. Ya fita ya bar ta a buɗe, ba ta yi ihu daga inda take ba, ta kira sunansa a hankali, ya dawo, ta dubi ƙofar kawai ta ce ta yi alkawarin tuna masa. Haka ake yi kwana da kwanaki har abin ya fara kama jiki. Hatsarin, in ji ta, yana zuwa ne a ranar da yaron ya fita da gudu ya manta, uwar ta ji tausayinsa ta ce ai ya yi ƙoƙari, yau dai a ƙyale shi. A ranar aikin makonni ya rushe. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Mason za ta yarda da maganar lokaci, sai dai a misalin nan wanda aka fi horarwa ita ce uwar, domin ita ake nema ta daure, ta riƙe murya, kada ta gaji.

Yadda darasi yake gudana

Abu na uku, ciyar da hankali, shi ne ya haifar da tsarin darasin da aka fi sanin Mason da shi. Ba a fara zaman karatu sosai sai yaro ya kai shekara shida, kafin nan ta ba da shawarar ya riƙa yin awa huɗu zuwa shida a waje duk ranar da gari ya yi kyau, yana kallon tsirrai da tsuntsaye da ƙwari. Idan aka fara, darasin ƙananan yara minti 10 ne zuwa 20, ana sauya fanni akai-akai, kuma ana gama karatun littafi kafin rana ta yi tsaka. Yamma ta aikin hannu ce da yawo da zanen abin da aka gani a littafin lura da halittu. A kowane zango akan zaɓi mai zane guda a nazarci hotunansa shida, a kuma saurari kiɗan mawaƙi guda.

Littattafan da ake amfani da su ta kira su masu rai, wato waɗanda mutum guda da ya san fanninsa kuma yake ƙaunarsa ya rubuta da harshe mai daɗi, saɓanin littafin aji da aka tsara shi jerin bayanai da tambayoyi a ƙarshen babi. Ana karanta wa yaro shafi ɗaya ko biyu sau ɗaya tak, a rufe littafi, a ce ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. Ba a katse shi, ba a yi masa tambayoyin tarko, ba a sake karantawa. Idan ya kai shekara tara ko goma sai ya fara rubuta abin da da yake faɗa. Hujjar karatu sau ɗaya ita ce yaron da ya san za a maimaita ba zai tattara hankalinsa a karon farko ba.

Na gwada wannan da 'yar ƙanwata mai shekara bakwai, da wani ɗan guntun labarin tafiyar fatake. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Kawu, sake karantawa." Na ce ba a sakewa, ta faɗi ko da abu ɗaya ne. Ta ce akwai jaki, shi ke nan. Ranar ta uku, da na ɗauko littafin, sai na ga ta ajiye abin da ke hannunta ta gyara zama, kuma da na rufe ta kawo labarin tun daga fitowar ayari har zango, ta ƙara da nata hukuncin cewa madugun bai kyauta ba da ya bar mara lafiya a baya. Ban tambaye ta ra'ayinta ba. Abin bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin yaran da ke jin tatsuniya sau ɗaya da dare su kwashe ta su kai wa tsaransu da safe wannan aikin suke yi. Bambancinsa da hadda shi ne a hadda ana neman lafazin ya dawo yadda yake, a nan kuwa ana neman ma'anar ta ratsa ta cikin yaron ta fito da kalmominsa. Kowanne da wurinsa, kuma Mason ma tana sa yara haddar ayoyi da waƙoƙi.

To ina addinin yake a cikin lissafi da kimiyya?

Wannan ita ce tambayar da ta raba tsarin Mason da yawancin manhajojin addini. Ta kasa ilimi gida uku, sanin Allah, sanin ɗan Adam da sanin halitta, ta sa na farko a gaba, kuma ana karanta Littafi Mai Tsarki kai tsaye a mayar da labarinsa kamar sauran darussa, ba tare da uwa ta ɗora dogon wa'azi a kai ba. Amma ƙa'idarta ta 20 ta ce kada a bari wata katanga ta tashi tsakanin rayuwar hankali da rayuwar ruhi ta yaro.

Ta ba da labarin inda wannan ya zauna mata. A 1893 ta ziyarci birnin Florence na Italiya, ta shiga wani ɗakin ibada a cocin Santa Maria Novella, inda akwai zanen bango na ƙarni na 14. A zanen, Ruhu Mai Tsarki yana sama, a ƙasa kuma an jera fannonin ilimi, har da nahawu, mantiƙi, kiɗa, ilimin taurari da lissafi, kowanne da gwaninsa zaune a ƙarƙashinsa, kuma cikin gwanayen akwai irin su Aristotle da Euclid da Pythagoras, waɗanda ba su taɓa zama Kiristoci ba. Abin da ta ɗauka daga nan shi ne duk wani sani na gaskiya daga Allah yake, ko ta hannun wa ya biyo. Ta ƙarfafa wannan da sura ta 28 ta littafin Ishaya na cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka ce Allah ne ke koya wa manomi yadda zai yi huɗa da shuka da sussuka. Ba laifi a ambata cewa zanen bai kai ta faɗin zuciya ba, domin a cikinsa an zaunar da Ibn Rushd, malamin Andalus, a ƙarƙashin ƙafafun Thomas Aquinas, babban malamin addinin Kirista, cikin waɗanda aka kayar da hujja.

Sakamakon wannan a aji shi ne ba a bukatar liƙa aya a kan darasin lissafi kafin ya zama na addini. Koyar da shi da gaskiya da kyau ya isa. Haka kuma ba a tsoron littafi don marubucinsa ba mai bi ba ne. Maimakon tace duk abin da zai shiga kunnen yaro, ƙa'idoji na 16 zuwa 19 suna neman a ba shi makami biyu. Na farko ya iya bambance "ina sha'awa" da "na ƙudurta", ya kuma san cewa idan zuciya ta rinjaye shi, dabarar ita ce ya kawar da tunaninsa zuwa wani abu na ɗan lokaci sannan ya dawo da sabon ƙarfi. Na biyu ya san iyakar hankali: a lissafi abin dogaro ne, amma a sauran al'amura hankali lauya ne da zai samo hujja ga duk ra'ayin da zuciya ta riga ta karɓa. Don haka babban nauyin da ke kan mutum shi ne zaɓen ra'ayin da zai buɗe wa ƙofa tun farko.

Inda ake saɓani

A cikin masu karatun gida na addini a Amurka, mabiya Mason kaso ɗaya ne kawai. Akwai masu sayen cikakkiyar manhaja daga kamfanonin Kirista irin su Abeka, mai littattafan aji da jarrabawa da maki, inda ake shigar da aƙida cikin kowane fanni a bayyane. Akwai masu bin tsarin da ya samo asali daga wata lacca da marubuciya Dorothy Sayers ta yi a Oxford a 1947, wanda ya kasa ƙuruciya mataki uku, na hadda, na muhawara da na fasahar magana. Waɗannan suna ganin Mason ta yi sakaci da hadda a shekarun da yaro ya fi iya ta, mabiyanta kuma suna mayar da martani cewa ɗan shekara shida ma yana tunani, ba sai ya kai wani mataki ba. Akwai kuma masu kafa hujja da ayar horon yaro da sanda da ke littafin Karin Magana na cikin Littafi Mai Tsarki, waɗanda ƙa'ida ta huɗu ba ta yi musu daɗi.

Suka mafi nauyi daga waje take zuwa, kuma ba ta tsaya kan Mason ba, ta shafi karatun gida gaba ɗaya. Kyawun ƙa'ida a takarda ba ya nuna abin da ke faruwa a bayan ƙofa. A jihar Texas iyaye ba sa bukatar sanar da hukuma cewa suna koyarwa a gida, alhali a New York sai sun miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara. A 2013 wasu da suka tashi a karatun gida suka kafa ƙungiyar neman a sa ido, saboda abin da wasunsu suka gani na sakaci da cin zarafi, kuma a 2020 Farfesa Elizabeth Bartholet ta jami'ar Harvard ta yi kira da a hana shi sai ga wanda ya kawo hujja, abin da ya tayar da ƙura sosai. Jamus ta hana shi, Faransa kuma ta yi dokar 2021 da ta sa sai an nemi izini. Masu kare shi na cewa laifin ƙalilan bai kamata ya shafi kowa ba, kuma makarantu ma ba su tsira daga cin zarafi ba. Gaskiyar da ke wuyar kaucewa ita ce falsafar da ta ce ikon iyaye aro ne ba ta da hujja mai ƙarfi ta ƙin a tambayi iyaye yadda suka riƙe amanar.

Abin da yake ci, da wanda zai iya

Tsarin yana cin lokacin babban mutum guda, kusan kullum uwa, kuma hakan na nufin gida ya rayu da samun mutum ɗaya. Yana bukatar littattafai masu yawa da mai koyarwar da ita kanta take karatu. Jerin littattafan Mason na Ingila ne na zamanin daular, da kallon da daular ke yi wa sauran al'ummomi, shi ya sa iyalan baƙaƙen fata a Amurka da iyalan Musulmi da suka ɗauki tsarin suke sake zaɓen littattafai. Mai son yin haka da Hausa zai ci karo da ƙarancin littattafan tarihi da kimiyya na yara da aka rubuta da daɗin harshe.

A Najeriya akwai kuma maganar doka, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya ƙi. A ƙasar da miliyoyin yara ba sa zuwa makaranta, wajibi ne a bambance yaron da ake koyarwa a gida da tsari da yaron da aka bari a gida kawai, don kada sunan na farko ya zama mafakar na biyu.

Mason kanta ba ta ɗauki ƙa'idojinta a matsayin kayan gida kaɗai ba. Dab da yaƙin duniya na farko, wata makarantar gwamnati a ƙauyen Drighlington na yankin Yorkshire, inda yawancin yaran 'ya'yan masu haƙar kwal ne, ta fara aiki da tsarin, da littattafan da ake aika wa 'ya'yan masu hali, da karatu sau ɗaya da mayar da labari, a aji mai cike da yara. Daga baya makarantu da dama a gundumar Gloucestershire suka bi sahu a ƙarƙashin jami'in iliminsu H. W. Household. Shekarunta na ƙarshe a Ambleside ta yi su ne tana bibiyar takardun jarrabawar da ake aiko mata daga irin waɗannan makarantu, tana kafa hujja da su cewa 'ya'yan leburori suna ɗaukar abin da 'ya'yan attajirai ke ɗauka idan aka ba su littafi iri ɗaya.